Haɗa Asibitocin Yankin Katagum da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa: Abin da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sani

AZARE, Jihar Bauchi — Ɗan kasuwar da ke zaune a rumfarsa a Azare yana iya aika wa abokin cinikinsa na Kantin Kwari a Kano kuɗin dilar atamfa cikin ƙasa da minti guda, ko da kuwa bankinsu ba ɗaya ba ne. Amma idan iyalin wannan ɗan kasuwa suka kwanta rashin lafiya, aka tura su daga ƙaramin asibiti zuwa babba, sau da yawa labarin ciwon nasu ba ya bin su sai a 'yar guntuwar takarda, ko kuma a bakin ɗan jinya. Wannan giɓi da ke tsakanin saurin tafiyar kuɗi da jinkirin tafiyar bayanin majiyyaci shi ne hukumomin lafiya na ƙasar nan suke neman cikewa ta hanyar amfani da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, da layukan sadarwa.

Batun ya shafi 'yan kasuwa ta fuska biyu. Na farko, su ne ke biyan kuɗin jinyar iyalansu da yaran shagonsu, domin ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Na biyu, aikin haɗa asibitocin kasuwa ce mai zaman kanta, wadda ke buƙatar kayan wutar lantarki, da na'urori, da masu gyara, da masu horas da ma'aikata. Abin da wannan bayani yake son nunawa shi ne, sayen kwamfuta shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Mai wuyar shi ne a daidaita kan lambar da za a san kowane majiyyaci da ita, da harshen da na'urorin za su yi magana da juna, da kuma wanda zai riƙa biyan kuɗin tafiyar da su bayan an gama bikin ƙaddamarwa.

Matsayin Azare a harkar lafiya

Tun a shekarar 1916, lokacin da aka dawo da hedkwatar masarauta daga tsohon garin Katagum zuwa Azare, garin ya zama matattarar mulki da ciniki a arewacin ƙasar Bauchi. Tsohon garin Katagum, wanda Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki a yanzu, yana kuma da nisan kimanin kilomita 70 daga Azare. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Katagum kusan mutum dubu 300, a cikin sama da miliyan 4.6 na jihar baki ɗaya, kuma jama'ar sun ƙaru ƙwarai tun daga wancan lokaci.

A shekarar 2000 Gwamnatin Tarayya ta karɓi babban asibitin garin ta mayar da shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. A shekarar 2021 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a Azare, daga baya kuma aka ɗaga darajar cibiyar ta zama asibitin koyarwa na jami'ar. Wannan ya sa Azare ta zama wurin da ake dosa da majiyyatan da ciwonsu ya fi ƙarfin ƙananan asibitoci a ƙananan hukumomi bakwai na Bauchi ta Arewa, wato Katagum da Zaki da Gamawa da Giyaɗe da Shira da Itas/Gaɗau da Jama'are. Da yake garin yana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, yana kuma kusa da iyakar Jigawa da Yobe, majiyyata kan zo daga waɗannan jihohi, kamar yadda mutanen Azare su ma kan wuce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko su nufi Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, mai nisan kimanin kilomita 200.

A nan ne matsalar take. Asibitin koyarwa na Gwamnatin Tarayya ne. Manyan asibitocin ƙananan hukumomi suna ƙarƙashin hukumar kula da asibitoci ta jiha. Ƙananan cibiyoyin mazaɓu kuwa suna hannun hukumar kula da lafiya a matakin farko. Ban da waɗannan, ga asibitoci masu zaman kansu, ga ɗakunan gwaje-gwaje, ga kuma masu kemis, waɗanda su ne mutane da yawa ke fara zuwa wurinsu idan zazzaɓi ya taso. Majiyyaci guda yana iya ratsa duka waɗannan wurare a cikin wata ɗaya, kowanne da nasa kati da nasa littafi da nasa maigidan da yake kai wa rahoto.

Mene ne haɗaɗɗen tsari?

A ce wata mai juna biyu ce a wani ƙauye na ƙasar Zaki. Ta je awon ciki sau uku a cibiyar mazaɓarsu, aka auna jininta aka ga ya hau, aka rubuta a katinta da kuma babban littafin cibiyar. Da dare naƙuda ta zo mata da jijjiga, aka ɗauko ta a mota zuwa Azare, cikin gaggawa aka bar katin a gida. Likitan da ya karɓe ta bai san rukunin jininta ba, bai san maganin da aka riga aka ba ta ba, bai san ko an taɓa yi mata aiki ba. Dole ya sake gwaje-gwajen da aka riga aka yi, mijin ya sake biya, lokaci kuma yana tafiya. Bayan an sallame ta, ungozomar da ke cibiyar ƙauyen ba za ta san abin da aka yi mata a birni ba, balle ta ci gaba da lura da ita.

A ƙarƙashin haɗaɗɗen tsari, ungozomar za ta shigar da sakamakon awon a waya ko kwamfutar hannu a ƙarƙashin lambar matar. Ranar da aka tashi tura ta, saƙo zai riga ta isa asibitin da za ta, a tanadi gado da jini. Likita zai buɗe bayaninta da lambar, hukumar inshora za ta ga aikin da aka yi ta biya, ma'ajiyar magunguna za ta ga abin da aka fitar ta cike gurbinsa, ma'aikatar lafiya kuma za ta sami ƙididdigarta ba tare da wani ya sake kwafe komai da hannu ba. Rubutu ɗaya, amfani biyar.

Abin da ake ƙoƙarin karewa a nan rai ne. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na matan da suka rasu a duniya wajen ciki da haihuwa a wannan shekara, a Nijeriya suke. Masana sun daɗe da karkasa musabbabin hakan zuwa jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, da jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Tafiyar bayani da wuri tana rage na biyu da na uku.

Abin da aka riga aka gina

Ba daga tushe za a fara ba. Tun a shekarar 2013 Majalisar Ƙoli ta Lafiya ta Ƙasa ta amince da manhajar DHIS2 a matsayin rumbun da dukkan jihohi za su riƙa zuba ƙididdigarsu ta wata-wata. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce ke jagorantar wannan manhaja, kyauta ake ba da ita, kuma ƙasashe fiye da 70 suna aiki da ita. A ƙarshen kowane wata, cibiyoyin lafiya suna tattara adadin yaran da aka yi wa rigakafi, da matan da suka zo awo, da waɗanda aka gwada wa zazzaɓin cizon sauro, a cike fom, a shigar a na'ura, har ya isa Bauchi da Abuja.

Ta fuskar annoba kuma akwai manhajar SORMAS, wadda aka ƙirƙiro bayan ɓullar cutar Ebola a 2014 ta haɗin gwiwar Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa da wata cibiyar bincike ta Jamus. An gwada ta a Kano da Oyo a 2015, aka kuma faɗaɗa ta zuwa dukkan jihohi a lokacin cutar korona. Mutanen wannan yanki sun san muhimmancin irin wannan labari, domin a watan Mayun 2020 Gwamna Bala Mohammed ya rufe ƙananan hukumomin Katagum da Giyaɗe da Zaki na tsawon kwana goma saboda yaɗuwar korona, kasuwanni suka tsaya cik. Har ila yau Jihar Bauchi tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba, tare da Ondo da Edo. Duk kwanan da aka yi jinkirin gano inda cuta ta ɓulla, asara ce ga rayuka da kuma ciniki.

Bugu da ƙari, akwai tsarin ƙasa na bin diddigin magunguna da kayan aiki a ma'ajiyoyi, akwai kuma rumbun bayanan masu karɓar maganin cutar ƙanjamau, wanda ke amfani da zanen yatsa don hana ƙirga mutum ɗaya sau biyu.

Sai dai akwai nakasu biyu a cikin wannan gini. Na farko, mafi yawan abin da ke shiga rumbun ƙasa jimilla ce. Yana iya faɗin mata nawa suka zo awo a wata cibiya a watan Yuli, amma ba zai gaya wa likitan Azare komai ba a kan matar da ke kwance a gabansa. Na biyu, kowane tsari an gina shi ne domin wata cuta ko wani shiri, galibi da kuɗin wani mai ba da tallafi, saboda haka bayani yana hawa sama zuwa ofisoshi, ba ya ratsawa gefe daga wannan asibiti zuwa wancan. Jami'ar lafiya guda a ƙauye tana iya samun kanta da littattafai masu yawa da manhajoji biyu ko uku, tana maimaita sunan yaro ɗaya a kowanne, alhali layin mata na jiran ta a waje.

Domin magance wannan ne Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, a ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan asalin Misau da ke maƙwabtaka da Katagum, wanda aka naɗa minista a watan Agustan 2023, ta ƙulla yarjejeniya da gwamnonin jihohi da masu ba da tallafi a watan Disambar wannan shekara, a kan a riƙa aiki da tsari guda da kasafi guda da rahoto guda. A shekarar 2024 kuma aka kafa shirin ƙasa na amfani da fasahar zamani a harkar lafiya, wanda manufarsa ita ce a shimfiɗa ƙa'idojin da duk wata manhajar asibiti za ta bi domin ta iya musayar bayani da sauran.

Darasi daga bankuna

'Yan kasuwar da suka yi harka a shekarun 1990 suna tune da lokacin da cak ɗin wani gari kan yi makonni kafin kuɗin su faɗa, da lokacin da fatake kan ɗaure kuɗi a ƙugu su hau mota zuwa Kano ko Onica. Abin da ya sauya wannan hali ba wai tilasta wa bankuna su yi amfani da na'ura iri ɗaya ba ne. Har gobe kowane banki da tasa manhajar. Abin da aka yi shi ne an kafa kamfanin NIBSS a 1993 a matsayin mahaɗar bankuna, aka fito da tsarin tura kuɗi nan take a 2011, sa'an nan Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a watan Fabrairun 2014, ta yadda mutum ɗaya ba zai zama mutum biyar a bankuna biyar ba.

Harkar lafiya ma ginshiƙai uku take buƙata. Na farko, lambar shaida. Lambar ɗan ƙasa ta NIN, mai alƙaluma 11, ita ce mafi kusa da cika wannan gurbi, musamman tun da aka tilasta haɗa ta da layukan waya a watan Disambar 2020, kuma waɗanda suka yi rajista sun haura miliyan 100 a 2023. Amma jarirai da ƙananan yara da matan karkara, waɗanda su ne suka fi cika cibiyoyin lafiya, su ne kuma suka fi rashin wannan lamba. Saboda haka wajibi ne tsarin ya iya ba majiyyaci lambar wucin gadi, a haɗa ta da ta ƙasa daga baya, kada a mayar da kowa gida don rashin lamba. A yankin da gari ɗaya zai iya samun Hauwa Muhammad ɗari, kuma da yawa ba su riƙe ranar haihuwarsu ba, dogaro da suna kaɗai hatsari ne, domin yana iya sa a ba wata jinin da aka tanada domin wata.

Na biyu, harshe guda. Idan wannan asibiti ya rubuta hawan jini da kalma, wancan ya rubuta da lamba, na'ura ba za ta gane abu ɗaya suke nufi ba. Akwai jerin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, akwai kuma ƙa'idar musayar bayanan lafiya da ake kira FHIR, wadda ƙasashe da dama suka runguma. Matsayinsu a asibiti kamar matsayin mudu da tiya ne a kasuwar hatsi: idan kowa da nasa ma'auni, ciniki ba ya ƙulluwa.

Na uku, mahaɗa, wato cibiyar da saƙonni za su riƙa ratsawa, wadda ke tantance wanda ya nemi bayani da dalilinsa, ta kuma ajiye shaidar cewa ya duba. Ga gari irin Azare, wannan mahaɗa tilas ta kasance ta ƙasa baki ɗaya, domin tsarin da ya tsaya a iyakar Jihar Bauchi ba zai amfani majiyyacin da ya zo daga Potiskum ko Gwaram ba.

Ƙasashen waje sun gwada hanyoyi biyu. Birtaniya ta fara wani gagarumin shiri a 2002 na gina tsari guda daga sama da za a ɗora wa dukkan asibitocin Ingila, aka yi watsi da shi a 2011, kuma an ƙiyasta abin da ya ci da kusan Fam biliyan 10. Estoniya kuwa, wadda jama'arta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, ta fara da mahaɗar musayar bayanai a 2001, ta bar kowace hukuma da rumbunta, sa'an nan ta ɗora bayanan lafiya a kai a 2008. Indiya ta bi irin wannan sawu a watan Satumbar 2021, inda ta fito da lambar lafiya mai alƙaluma 14 ga duk mai so. Darasin a fili yake: a fara da ƙa'ida da mahaɗa, a bar kamfanoni su yi gasar sayar da manhaja.

Inda kuɗin suke

Babu tsarin da zai ɗore idan cika shi bai shafi aljihun kowa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, aka kuma fara saka shi a kasafin 2018 da kimanin Naira biliyan 55. Wani kaso na kuɗin yana tafiya kai tsaye zuwa asusun zaɓaɓɓun cibiyoyin mazaɓu, wani kuma ta hannun hukumomin inshora domin biya wa marasa galihu. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa. A matakin jiha kuma akwai hukumar asusun taimakekeniyar lafiya ta Bauchi, wadda aka fi sani da BASHCMA, da kuma hukumar kula da magunguna da kayan aikin asibiti.

Inshora hanya biyu take biyan asibiti. A matakin farko, ana biyan cibiya wani ƙayyadajjen kuɗi a kan kowane mutum da ya yi rajista da ita, ko ya zo ko bai zo ba. A mataki na biyu, kamar aikin tiyata, ana biya ne gwargwadon aikin da aka yi, bayan an sami izini an kuma gabatar da takardar neman biya. Dukkan hanyoyin biyu sun dogara a kan sahihin bayani. Idan jerin sunaye ya ƙunshi na bogi ko na waɗanda suka rasu, asusu ne ke zurarewa. Idan kuma takardun neman biya suka yi watanni a kan tebur, mai asibiti zai kasa biyan dillalin magani, dillali ya daina ba da bashi, majiyyaci ya koma sayen magani a waje duk da katin inshorar da ke hannunsa. Ranar da hukumomin inshora suka ce ba su biyan kowa sai ta na'ura, kuma suka cika alkawarin biya a kan lokaci, asibitoci da kansu za su nemi shiga tsarin ba tare da an roƙe su ba, kamar yadda mai shago ya nemi na'urar POS da ya ga ciniki na wuce shi a lokacin ƙarancin takardun Naira na farkon 2023.

Cikas huɗu

Na farko wutar lantarki. Jihar Bauchi tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Jos, kuma a watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi kwanaki cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan dakon wuta. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin tayar da janareto ya ninka. Asibitin da ya jingine takarda ya koma na'ura ba tare da sola da batura ba, duk ranar da aka ɗauke wuta aikinsa ya tsaya.

Na biyu layin sadarwa. A cikin Azare ana samun intanet, amma da an nausa ƙauyukan fadamar kogin Jama'are sai ya yi rauni. Da damina hanyoyin mota ma kan yanke, kamar yadda ambaliya ta datse babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin Ƙaramar Hukumar Katagum a watan Agustan 2024. Manhajar da ta dace da irin wannan wuri ita ce wadda ke aiki ko babu layi, ta adana bayani a cikin na'urar, ta aika da zarar layi ya dawo. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar shirin shimfiɗa ƙarin kilomita dubu 90 na wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa, kuma tun 2023 aka fara samun intanet na tauraron ɗan'adam na Starlink a ƙasar nan, ko da yake kuɗinsa na wata-wata ya yi wa ƙaramar cibiya nauyi.

Na uku ma'aikata. Idan aka ba jami'in lafiya kwamfuta amma aka ce ya ci gaba da cika dukkan littattafan da, an ƙara masa aiki ne, kuma ba da daɗewa ba zai ajiye na'urar a durowa. Wajibi ne a tsayar da ranar da za a janye kowane littafi, a kuma tanadi mai gyara a kusa, wanda ba sai an jira shi daga Abuja ba.

Na huɗu dogaro da tallafin waje. Jihar Bauchi ta daɗe tana aiki da masu ba da agaji, tun daga shirin TSHIP na hukumar raya ƙasashe ta Amurka, wanda ya gudana a Bauchi da Sakkwato daga 2009 zuwa 2015, har zuwa yarjejeniyar rigakafi da ta ƙulla da Gidauniyar Gates da ta Ɗangote a 2014. An amfana ƙwarai, amma dakatar da tallafin Amurka a watan Janairun 2025, da rushe hukumar da ke raba shi a wannan shekara, sun tuna wa kowa cewa kayan aro ba ya rufe katara. Albashin masu shigar da bayanai da kuɗin intanet da na ajiyar rumbu, kamata ya yi su sami gurbi a kasafin jiha.

Sirrin majiyyaci

Fayil ɗin takarda mutum ɗaya ke iya sace shi, amma rumbun na'ura ana iya kwashe na mutum dubu a dare ɗaya. A garin da kowa ya san kowa, fallasar ciwon mutum tana iya kashe aure ko ta karya kasuwa. Dokar Lafiya ta 2014 ta riga ta hana bayyana bayanin majiyyaci ba da izininsa ba, sai a inda doka ta ware. Dokar Kare Bayanai ta watan Yunin 2023 kuma ta sanya bayanan lafiya a cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta wajabta kai rahoton kutse mai hatsari ga hukuma cikin awa 72, ta kuma tanadi tarar da za ta iya kai Naira miliyan 10 ko kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, a kan manyan masu riƙe bayanai. Wannan ya hau kan asibitoci masu zaman kansu da ɗakunan gwaji da kamfanonin manhaja, ba na gwamnati kaɗai ba.

Inda ɗan kasuwa zai shiga

Ba lallai ne mutum ya iya rubuta manhaja ba kafin ya ci moriyar wannan harka. Akwai kafa sola da kula da ita bisa kwangilar shekara-shekara, akwai sayar da na'urori da gyaransu, akwai horas da ma'aikata, akwai dakon samfurin jini daga ƙauyuka zuwa ɗakin gwaji a mayar da sakamako ta waya, akwai kuma dillancin magani, inda sanin abin da ya rage a kowace cibiya ke rage asarar maganin da wa'adinsa ya ƙare. Kasancewar jami'ar kimiyyar lafiya a Azare, da Jami'ar Sa'adu Zungur a Gaɗau, da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, yana nufin akwai matasan da za a iya horarwa a gida.

Ga mai asibiti ko kantin magani da dillalin manhaja ya zo wa, akwai tambayoyi biyar da ya kamata ya yi kafin ya sa hannu. Shin manhajar tana aiki idan babu intanet? Tana iya aika rahoton wata zuwa rumbun ƙasa da takardar neman biya zuwa hukumar inshora ba tare da an sake rubutawa ba? Tana bin ƙa'idar musayar bayanai da gwamnati ta amince da ita? Idan aka raba gari da kamfanin, bayanan majiyyata na wane ne, kuma ta yaya za a kwashe su? Sa'an nan nawa ne kuɗin kowace shekara bayan na farko, da Naira ake biya ko da Dala? Wanda ya sayi manhajar da ba ta magana da kowa, ya mayar da durowar ƙarfe ta koma ta lantarki ne kawai.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na manoma kuma suna da ƙarfin da mutum ɗaya ba shi da shi. Idan suka shigar da membobinsu inshora a ƙungiyance, suna da bakin neman a ba su kati mai lamba guda da zai yi aiki a Azare da Gamawa da Bauchi, da kuma rahoton abin da aka yi da kuɗinsu.

Ma'aunin da za a gane ko aikin ya yi nasara ba shi da wuya. A je ɗakin haihuwa a Azare da tsakar dare, a tambayi likitan da ke bakin aiki ko ya san rukunin jinin matar da motar Zaki ta ɗauko tun kafin motar ta tsaya a ƙofa. Ranar da amsar ta zama e, an haɗa asibitocin yankin Katagum.